RA'AYI: Kafin ka aika wa yaro maganin cin abinci, tambayi rabonsa da bayan gida

Akwai lalurar da ke addabar ƙananan yara a gidajenmu wadda kunya ta hana mu ambaton sunanta, har muka koma yi mata magani da sunan wasu cututtuka. Uwa ta ce yaro ya ƙi abinci, kaka ta ce basir ne ko ɗankanoma, mai kemis ya ce jini ne ya yi ƙasa, uban da ke aiki a Abuja kuma ya tura kuɗi a sayo duk abin da aka lissafa. Da wuya a sami wanda zai yi tambayar da ya kamata a fara da ita, wato yaushe rabon yaron da bayan gida, kuma idan ya tsuguna yana kuka ko ba ya yi. Taurin bayan gida, wanda wasu ke kira bushewar ciki, ba ƙaramin abu ba ne. Alƙaluman da masana suka tattara daga ƙasashe daban-daban sun nuna cewa kusan yaro ɗaya cikin goma na fama da shi, kuma yaran da ke zaɓen abinci na cikin waɗanda ya fi damu.

Ina magana ne da ma'aikatan tarayya da hadiman masu muƙami saboda dalilai biyu. Na farko, da yawa daga cikinmu mun bar iyali a garuruwanmu, muna renon 'ya'ya ta waya da tura kuɗi, kuma wanda ke nesa ya fi kowa saurin amincewa da maganin da ake saye, domin shi kaɗai ne abin da hannunsa zai iya kaiwa. Na biyu, a cikinmu ake samun masu rubuta takardun da ake gina makarantu da su, ake tsara abincin ɗalibai, ake kuma jera magungunan da inshorar lafiya za ta biya. Ra'ayina shi ne, matsalar tana da magani, amma maganin yana da gaba da baya. A fara da raba yaro da zafin da yake ji, a bi da gyara masa al'adar zuwa banɗaki, sannan a gyara tukunya. Kwalaben bitamin da na ƙarin kuzari, waɗanda muka saba farawa da su, su ne na ƙarshe a layi, kuma sau da yawa ma ba a buƙatarsu.

A ɗauki unguwar Bagadaza da ke cikin birnin Gombe a matsayin misali. Mazauninta a gari ɗaya yake da Tudun Hatsi, kasuwar da ake sauke gero da dawa da masara da wake buhu-buhu. Kayan lambu na shigowa birnin daga Kwadon da gonakin rani na Dadin Kowa, kuka da zogale da tsamiya kuwa babu kasuwar da ba a samunsu. Duk abin da hanjin yaro ke buƙata yana nan kusa da ƙofar gida. Amma a buɗe jakar abincin ɗan nazare a irin wannan unguwa, musamman a gidan da albashi ke shiga, abin da aka fi gani shi ne taliyar leda, da biskit, da farin burodi, da lemon kwali mai zaƙi. Haka jakar take a Kubwa da Nyanya da Lugbe, inda iyaye ke fita tun da asuba don guje wa cunkoso, ba su da lokacin tsayawa lallashin yaro ya ci dambu.

Abin da ya ɓace daga wannan jaka shi ne harza, wato ɓangaren hatsi da ganye da 'ya'yan itatuwa da ciki ba ya narkarwa, irin dusar da ke jikin ƙwayar gero, da ɓawon wake, da zaren da ke cikin ganye. Ita ce ke riƙe ruwa a cikin hanji, ta ba bayan gida laushi da auki. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro mai shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 15 na harza a rana, mai shekara 6 zuwa 9 ya samu giram 21, daga shekara 10 zuwa sama kuma giram 25. Kofi ɗaya na dafaffen wake na ɗauke da kimanin giram 11, alhali kofi ɗaya na farar shinkafa bai kai giram 1 ba. Mu kuwa mukan surfe hatsi fes mu zuba wa tumaki dusar, mu wanke wa wake ɓawonsa kafin a yi ƙosai ko alale, sannan mu tafi kanti neman harza a cikin kwalba da tsada.

Sai dai rashin harza shi kaɗai bai bayyana komai ba, kuma a nan ne iyaye da yawa ke ɓata. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa daga ragowar abinci, don haka gwargwadon daɗewar ragowar a ciki, gwargwadon bushewarta. Wata rana yaro ya yi bayan gida mai tauri, ya ji zafi, wataƙila ma bakin duburarsa ya ɗan tsage har a ga ɗigon jini. Daga ranar sai tsoro ya shige shi. Duk lokacin da ya ji matsuwa sai ya miƙe tsaye, ya harɗe ƙafafu, ya laɓe a bayan ƙofa yana sandarewa. Uwa ta zaci nishi yake yi, alhali riƙewa yake yi. Abin da ya riƙe ya ƙara bushewa, ya ƙara girma, ranar da zai fito ya fi na farko zafi, tsoron kuma ya ninka. Fiye da tara cikin goma na yaran da ke da wannan matsala babu wata cuta a hanjinsu, wannan zagaye ne kawai, kuma yakan faro ne a ɗaya daga cikin lokuta uku: lokacin da aka fara ba yaro abinci ko aka yaye shi, lokacin da ake koya masa zama a fo, da lokacin da ya shiga makaranta.

Idan aka daɗe a haka, ƙarshen hanji yakan buɗe ya saki, har yaro ya daina jin matsuwa. Sai ruwa-ruwan da ke sama ya riƙa zagaye busasshen da ya toshe hanya yana ɓata wando, ba tare da yaron ya sani ba. Wannan shi ne mafi ban tausayi, domin a wani gidan a ce gudawa ce a sayo maganin tsayar da ciki, wanda ke ƙara toshe shi, a wani gidan kuma a ce ƙazanta ce ko sangarta a kai masa duka. Hanjin da ya cika yakan kuma danne mafitsara, shi ya sa wasu yaran ke komawa fitsarin kwance ko su yi ta fama da ciwon mafitsara. Ma'aunin da likitoci suka amince da shi a 2016, wanda ake kira Rome IV, ya jera alamomin da za a duba: bayan gida sau biyu ko ƙasa da haka a mako, tauri ko zafi wajen yi, girman da ya wuce kima, riƙewa da gangan, da ɓata wando ga yaron da ya riga ya iya zuwa banɗaki. Idan biyu daga cikinsu suka kai wata guda, lalura ce, a nemi likita.

Yanzu a dawo kan zaɓen abinci. Mun saba ɗauka cewa ƙin cin ganye ne ke jawo taurin ciki, kuma akwai gaskiya a haka. Wani dogon bincike da aka yi kan yaran birnin Bristol na Ingila ya gano cewa masu zaɓen abinci sun fi samun ƙarancin harza, sun kuma fi yin bayan gida mai tauri. Amma wani binciken da aka yi kan dubban yara a Rotterdam ta ƙasar Holan, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna cewa hanyar biyu ce: zaɓen abinci na jawo taurin ciki, taurin ciki kuma na jawo zaɓen abinci. Ba sai an je nesa ba kafin a fahimci dalili. Babba ma idan ya kwana uku cikinsa a cushe, ko an ajiye masa abin da ya fi so ba zai yi marmarinsa ba. Wanda ya ɗora wa irin wannan yaro maganin cin abinci ya bar jaki yana dukan taiki.

Saboda haka matakin farko na likita ne. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Birtaniya ta fitar a 2010 ta ce kada a dogara da sauya abinci kaɗai a matsayin maganin farko. Ita ma ƙa'idar haɗin gwiwa ta ƙungiyoyin likitocin cikin yara na Turai da Arewacin Amurka ta 2014 ta sa magungunan tausasa bayan gida a gaba. Na farkonsu wani gari ne da ake narkarwa a ruwa mai suna makrogol, wanda kuma ake kira PEG, idan ba a same shi ba sai ruwan laktulos, wanda ya fi samuwa a kantunan maganinmu. Aikinsu shi ne jawo ruwa cikin hanji su tausasa abin da ya bushe. Likita zai fara da fitar da abin da ya taru, sannan ya ɗora yaron a kan adadin da ya dace da nauyinsa na aƙalla wata biyu, kuma ba a janyewa sai alamomin sun ɓace na tsawon wata guda, a hankali ake ragewa.

Na san abin da wasu za su ce: yaya za a ɗora ɗan shekara uku a kan magani wata biyu, ba zai saba ba? Waɗannan magunguna ba sa sa hanji ya mutu ko ya dogara da su. Dalilin tsawaitawa shi ne hanjin da ya buɗe yana buƙatar lokaci kafin ya koma daidai, shi ma yaron yana buƙatar ya yi bayan gida sau da yawa babu zafi kafin ya manta tsoronsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa ranar da ciki ya saki, bayan mako biyu kuma a koma gidan jiya. Mazaunin Bagadaza yana da inda zai je, daga cibiyar lafiya ta matakin farko ta mazaɓarsa har zuwa Asibitin Ƙwararru na jiha da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Ma'aikacin tarayya kuwa inshorarsa a ƙarƙashin hukumar NHIA ta ƙunshi matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Abin da ya rage masa shi ne ya bincika ko asibitin da aka rubuta wa yaran yana garin da suke zaune, in ba haka ba ya nemi a sauya tun kafin ranar buƙata, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya. Jaririn da bai yi kashin farko ba cikin awa 48 da haihuwa, da yaron da cikinsa ya kumbura ya yi tauri, da mai amai kore, da wanda ke ramewa ko girmansa ya tsaya, da wanda ƙafafunsa suka yi rauni, da mai zubar da jini sosai, duk asibiti za a nufa da su kai tsaye. A cikin irin waɗannan ne ake samun cutar Hirschsprung, wadda ake haifar kusan jariri ɗaya cikin 5,000 da ita, inda wani sashe na hanji ba shi da jijiyoyin da ke motsa shi, kuma tiyata ce maganinta. Akasin haka, jaririn da ke shan nonon uwa zalla, wanda ya wuce makonnin farko, yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba kuma lafiyarsa ƙalau, muddin idan ya yi mai laushi ne, yana kuma ƙara nauyi. Irin wannan ba a ba shi ruwa ko jiƙo kafin wata shida, zuma kuma sai ya cika shekara.

Mataki na biyu bai buƙatar ko sisi. Allah Ya halicci hanji da motsawa jim kaɗan bayan an ci abinci, don haka a zaunar da yaro a fo ko a banɗaki na kimanin minti biyar bayan karin kumallo da bayan abincin dare, kowace rana, ko zai yi ko ba zai yi ba. A yaba masa don ya zauna, kada a yi masa tsawa don bai yi ba. Tsugunon da muka gada ya fi dacewa da jiki, saboda yana miƙar da hanyar fita. A gidajen da ke da masai na zama, irin waɗanda suka cika Abuja, ƙafafun yaro reto suke yi, ba shi da abin takawa balle ya yi yunƙuri. 'Yar kujerar tsuguno a ƙarƙashin ƙafarsa, yadda gwiwa za ta ɗan fi ƙugu tsawo, ta wadatar. A gidan da ke da shadda mai faɗin baki ko banɗaki mai duhu kuwa, tsoron faɗawa kaɗai ya isa ya sa yaro riƙewa, don haka a ba shi fo, a kuma raka shi.

Mataki na uku shi ne tukunya, kuma a nan girkinmu na gado ya yi mana rabin aiki. Shinkafa da wake ta fi farar shinkafa, kuma ana iya fara wa yaro da wake kaɗan a riƙa ƙarawa. Alalen da aka markaɗa da ɓawonsa ɗanɗanonsa bai sauya sosai ba. Ga faten wake, da faten tsaki da alayyafo ko yakuwa, da dambun zogale, da tuwon dawa miyar kuka ko kuɓewa, da dankalin Hausa, da kabewa a cikin miyar taushe. Kunun gero da ba a tace shi fes ba ya fi wanda aka tace har ya zama ruwa, kunun tsamiya kuma an daɗe da sanin yana sakin ciki. A ɓangaren 'ya'yan itatuwa akwai gwanda, da mangwaro a lokacinsa, da gwaba, da kankana, da dabino, da lemon zaƙi a ci da totuwarsa maimakon a matse ruwan kaɗai. Ko taliyar ledar ma ba sai an yi yaƙi da ita rana ɗaya ba, a yanka mata karas da kabeji, a rage yawan ranakunta. Sharaɗi biyu ne kawai: a ƙara harza sannu a hankali don kada ciki ya cika da iska, kuma ruwan sha ya biyo ta, musamman a zafin Maris da Afrilu da Gombe ta saba gani.

Tambayar da kowace uwa za ta yi ita ce, idan ya ƙi ci fa? Ƙyamar sabon abinci ɗabi'a ce da kan yi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma bincike ya nuna yaro na iya buƙatar a gabatar masa da abu sau takwas zuwa goma sha biyar kafin ya karɓa. Mu kuwa sau biyu muke gwadawa mu yanke hukuncin cewa ba ya so. Wata masaniyar abinci 'yar Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu: iyaye ke zaɓar abin da za a ci, da lokaci, da wuri, yaro kuma shi ke zaɓar ko zai ci da yawan da zai ci. A zuba sabon abu kaɗan a gefen wanda ya saba, ba roƙo, ba barazana, ba kuma a tashi a dafa masa wani daban don ya ture kwano. Ɗura, wadda har yanzu ake yi a wasu gidaje, tana sa yaro ya tsani abinci, tana kuma iya tura kunu cikin huhunsa. Cin abinci a kwano ɗaya da 'yan uwa, wanda muka fara raina wa, ya fi kowace dabara, domin yaro da gani yake koyo.

A nan ne uban da ke nesa ke da rawar takawa. Tsarabar da muke tahowa da ita daga Abuja, katan na biskit da alewa da lemon kwali, ita ce ke cika cikin yaro tsakanin abinci da abinci har ya rasa gurbin tuwo. Haka madarar gwangwani idan ta yi yawa. Yaron da ya wuce shekara ɗaya, wanda ke shan fiye da rabin lita a rana, yakan ƙoshi da ita ya ƙi sauran abinci, ga shi babu harza a cikinta, ba ta kuma da sinadarin ƙarfe mai gina jini yadda ake zato. Wanda ke son nuna ƙauna da aljihunsa ya ware kuɗin gwanda da wake a cikin cefane. Idan kuma mahaifiyarsa ce ke riƙe da jikan, ta kuma tsaya a kan jiƙon basir, ba gardama zai yi da ita ba. Ya ce mata: “Inna, ku yi haƙuri a kai shi asibiti a duba shi tukuna, in ya so daga baya a ga abin da ya dace.”

Sai batun kwalabe. Ƙa'idar nan ta 2014 ta duba hujjojin da ake da su, ta ce yaro ya ci harza ya sha ruwa daidai yadda ya kamata, amma ba ta ga dalilin ba shi ƙarin harza na kanti ba, haka kuma ba ta goyi bayan ƙwayoyin gyaran hanji da ake kira furobayotik ba a kan wannan lalura. Zuba garin harza a kan cikin da ya riga ya toshe ƙarin kumburi ne kawai. Maganin ƙarin jini, wanda ake saye ba tare da gwaji ba, sananne ne wajen taurara bayan gida. Idan likita ne ya rubuta shi bayan ya tabbatar da ƙarancin jini, kada a daina, a dai sanar da shi halin da cikin yaron ke ciki. Yawancin ruwan maganin da ake sayarwa don buɗe ciki na ɗauke da siproheptadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana sa barci, kuma taurin bayan gida na cikin illolinsa. Bitamin na da gurbinsa ga yaron da likita ya ga abincinsa ya taƙaita ƙwarai, amma gurbin cike giɓi ne, ba ya sakin ciki.

Waɗanda suka fi waɗannan haɗari su ne magungunan gaggawa na cikin gida: jiƙon kanwa, da tura ruwan sabulu ko na saiwa ta dubura, da filasko ko man zurman da ake aunawa da ido, da gorunan maganin basir da ake tallansu da lasifika a kasuwa. Basir na gaskiya ba kasafai yake kama ƙaramin yaro ba, jinin da ake gani yawanci daga tsagewar nan ne, kuma tana warkewa idan bayan gida ya yi laushi. Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana abin da kwalba ke iya yi. Tsakanin 2008 da 2009 yara aƙalla 84 suka rasu bayan shan maganin haƙori na My Pikin da ya gurɓata da guba. Lambar NAFDAC a jikin kwalba abin dubawa ce, amma a kan magungunan gargajiya da yawa akwai rubutu a ƙasa da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi na warkarwa ba. Mu da muka yi boko ne ya kamata mu karanta wa iyalanmu wannan layi.

Wani zai ce, a ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, maganar taurin bayan gida ta masu ƙoshi ce. Gaskiya ne tamowa ta fi ta girma da gaggawa. Amma tushensu ya haɗu a wuri ɗaya, wato kwanon da babu komai a cikinsa sai abu guda. Ɗan talaka da ke wuni a kan koko da gari, da ɗan ma'aikaci da ke wuni a kan biskit da madara, dukansu sun rasa wake da ganye. Kuma kuɗin kwalbar bitamin ɗaya daga waje ya isa a sayi waken da gida zai yi kwanaki yana ci.

Abin da ya fi ƙarfin iyaye shi ne banɗakin makaranta, kuma nan ne maganar ta dawo kan teburinmu. Yaron da ke makarantar da ba ta da bayi, ko tana da shi babu ruwa babu ƙofa, riƙewa zai yi daga safe har a tashi, kwana biyar a mako, duk abin da aka gyara a gida ya rushe. Binciken ruwa da tsafta na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 11 cikin 100 kacal na makarantunmu ke da ruwa da bayi da wurin wanke hannu a haɗe. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarnin Zartarwa mai lamba 009 don kawo ƙarshen bahaya a fili, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta cim ma hakan, abin da ya nuna mai yiwuwa ne. Hadimin da ke tsara ayyukan mazaɓa na maigidansa ya san cewa ajujuwa sun fi kyau a hoton ƙaddamarwa. Duk da haka, yana iya dagewa kada a sa ginin aji a takarda sai da bayi da rijiyar burtsatse a gefensa, haka ma jami'in da ke duba ayyukan da jihohi ke yi da tallafin hukumar UBEC. Wasiƙa ɗaya daga hukumar ilimi da za ta hana malamai tsare ƙaramin yaro a aji idan ya nemi fita, ba ta cin ko kobo.

Haka shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016. Duk lokacin da ake zana jadawalin abincinsa, a tsaya a kan wake da ganye da hatsin da ake nomawa a yankin, kada sauƙin rabo ya mayar da shi biskit da lemon kwali. Masu aiki a ɓangaren lafiya kuma su tabbatar maganin tausasa bayan gida na yara yana cikin jerin da inshora ke biya, yana kuma kan kanta a cibiyoyin matakin farko, ciki har da na mazaɓu 114 na Jihar Gombe, tare da koya wa ma'aikatan cibiyoyin su riƙa tambayar uwa game da bayan gidan ɗanta duk lokacin da ta zo da kukan ƙin cin abinci.

Ba a warkewa daga wannan lalura cikin kwana biyu, wani yaron sai ya yi wata shida, wani ma ta dawo masa bayan ta tafi, a sake bin matakan daga farko. Amma yaron da aka raba da zafi, aka ba shi lokacinsa a banɗaki, aka kuma yi haƙuri da shi a gaban kwano, yakan dawo da cin abincinsa da wasansa da barcinsa. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, kuma ta yaro daga cikinsa take farawa. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, Ya ba iyaye haƙurin reno.